Maƙwabciyata ta bar min amanar karenta mai gemu, a taimaka min da shawara

Uwar Biyu (Hamburg): Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah wanda ya san harkar karnuka ya taimaka min. Tsohuwar Bajamushiyar da ƙofarmu ke kallon tata ta faɗi a matakala ƙugunta ya karye, an yi mata aiki, yanzu an ce sai ta yi makonni a wajen gashin ƙashi kafin ta dawo, kuma ba ta da kowa a garin nan. To tana da wani ɗan ƙaramin kare irin wanda ake ce wa miniature schnauzer, mai gemu da gira kamar wani dattijo, tun a motar asibiti take roƙona kar a kai shi Tierheim, wato gidan da ake ajiye dabbobin da ba su da mai kula da su. Matar nan ita ta riƙa cike min takardu lokacin da na zo ko gaisuwa ban iya da Jamusanci ba, ita ke ɗauko min yara in ina wajen aiki, ba ni da idon da zan ce mata a'a. Amma ni tunda nake ban taɓa ko shafa kare ba. Me zan ba shi, me ba zan ba shi ba, sau nawa ake fita da shi? Abincin da ta bari ya kusa ƙarewa. Ga haushi, wlh ko mutum tari ya yi a matakala sai ya amsa masa.

Ɗan Zongo: Wa alaikumus salam Yaya. Kar ki ɗaga hankalinki, kare ai ba ya zaɓen abinci, ragowar shinkafa da miya da 'yan ƙasusuwa sun ishe shi. Haka muka taso muna gani a Kumasi kuma karnukan ƙalau suke.

Likitan Dabbobi (Zariya): A'a ɗan uwa, dan Allah kar ta yi haka. Hajiya ki saurare ni da kyau, in duk abin da za a faɗa a nan abu ɗaya za ki riƙe to ki riƙe wannan: kitse shi ne babban abokin gabar wannan jinsin. Da yawansu gado suke yi, jininsu na tara maiƙo fiye da na sauran karnuka ko da kuwa ba su yi ƙiba ba. Akwai wani ɗan sashe a ciki kusa da tumbi da ake kira fankiriyas, shi ke fitar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin mai daidaita suga a jini, to idan irin wannan karen ya ci abu mai maiƙo da yawa lokaci guda sashen nan kan kumbura, ruwan da ya kamata ya narkar da abinci sai ya koma yana cin naman wajen. Ciwo ne mai azaba kuma yana kisa. Fatar kaza, kitsen rago, tsire, soyayyen nama, romon da mai ke yawo a kai, duk ki nisanta shi da su. Miyarmu kuma ga mai ga albasa ga tafarnuwa, su kuwa albasa da tafarnuwa fasa wa kare jajayen ƙwayoyin jini suke, ɗanye ko dafaffe duk ɗaya. Dafaffen ƙashi tsagewa yake yi ya soki hanji. Sai inabi da zabibi masu kashe ƙoda, da cakulan, da cingam ɗin nan marar suga mai sinadarin zaƙin da ake kira xylitol.

Ɗan Zongo: Ikon Allah. To Dakta namu na gida da ke cin komai fa?

Likitan Dabbobi (Zariya): Suna ci suna rayuwa, wasu kuma suna mutuwa ba wanda ya tambayi dalili. Sannan karen gida babba ne mai yawo duk yini. Wannan tsayinsa santimita 30 zuwa 35 ne, nauyi kilo 4 zuwa 8, yankan kitse ɗaya da ba ka ɗauke shi komai ba a jikinsa abu ne mai yawa.

Uwar Biyu (Hamburg): Innalillahi. Dakta na gode, Allah ya sa ban riga na ba shi komai ba sai nasa. Amma yarana in suna cin abinci zuwa yake ya zauna yana kallonsu da giran nan, ƙaramar har kuka take wai yunwa yake ji.

'Yar Damagaram (Brussels): Anti ba yunwa ba ce, sana'arsu ce, sun ƙware. Ni aikin kula da tsofaffi nake a gidajensu kuma na yi aiki gidan wani tsoho mai macen kare irin wannan. Ki ɗauki hoton buhun abincin da ta bari ki je shago ki sayo irinsa sak, kar ki canja, canjin abinci farat ɗaya zawo yake sa su. Ki tambaye ta awo nawa take zuba masa, safe da yamma, ki tsaya a kan hakan ko zai kalle ki har gobe. In yara sun matsa sai sun ba shi wani abu ki yanka musu karas ko kokwamba ƙanana su ba shi, suna so sosai. Ruwa kuma kar kwanonsa ya bushe.

Malamin Islamiyya: Salamu alaikum. 'Yar uwa ban ƙi niyyarki ba, haƙƙin maƙwabci babba ne ko da ba Musulmi ba ne. Amma ya zama dole a tuna miki, ya tabbata a hadisi cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, kuma wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kullum. Ina ganin har ya fara zama kusa da yara suna cin abinci. A yi hattara.

Uwar Biyu (Hamburg): Allah ya gafarta Malam, wlh abin nan shi ya hana ni barci. Maigida ma ya ce ba zai kwana mana a gida ba.

Kawu (Birmingham): Malam ya faɗi gaskiya, hadisan nan ba mai musunsu. Amma a ƙara da ɗaya ɓangaren don kar yarinyar nan ta shiga waswasi. Mu da muka taso a kan mazhabar Imam Malik an karantar da mu cewa kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, wanke kwano sau bakwai kuma bin umarni ne. Shafi'awa ne suka tsananta a nan. Don haka in ya goge ta da hanci ba sai ta jefar da zane ba. Sannan ita ba sayo shi ta yi don ƙawa ba, amana ce ta faɗo mata, dabba ce da in ta juya baya ba mai ba ta ruwa. Mun san mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle.

Malamin Islamiyya: Kawu ban ja da maganar tsarki ba, saɓani ne sananne. Ciyarwa da shayarwa lada ne. Zaman cikin gida nake magana a kai.

Kawu (Birmingham): To ai ga mafita a hannunta. Ba makullin gidan tsohuwar na wajenki ba? Ki bar shi a gidan da ya saba, shimfiɗarsa na can, warin uwar ɗakinsa na can, ku ne za ku riƙa shiga wajensa.

Malamin Islamiyya: In haka ne ba ni da ta cewa. Allah ya ba da lada.

Ɗan Zongo: Ko ta ɗaure shi a baranda kawai.

'Yar Damagaram (Brussels): Haba, a sanyin Hamburg? Ko kusa.

Bakatsine (Hannover): Ba ma sanyi kaɗai ba, doka ta hana. Tun farkon 2023 an haramta ajiye kare a ɗaure a Jamus, kuma maƙwabta na jin yana kuka a baranda za su kira hukuma. Yaya tunda a Hamburg kike ki duba takardunsa, can dole ne kare ya zama da ɗan guntun na'urar nan ta shaida a ƙarƙashin fata, da rajista, da inshorar ɓarnar da zai iya jawowa, ga harajin kare da ake biya duk shekara. Na san tsohuwar ta yi duk wannan, amma ki tambaye ta ko inshorar ta haɗa da wanda ya riƙe mata shi, saboda in ya ja igiya mai keke ya faɗi kar abin ya dawo kanki. A titi kuma kullum da igiya, da leda a aljihu don kwashe kashinsa, tara ake ci.

Uwar Biyu (Hamburg): Kwashe kashin nan ne ya fi min wuya gsky, babban ɗana na ɗora wa. Shawarar Kawu muka bi, yana gidansa, yara na zuwa can su yi aikin makaranta bayan la'asar, ni ina leƙa shi da safe da rana da dare. Matsalar yanzu haushin ne, na ƙasa da mu ya fara ɗaure min fuska.

Bakatsine (Hannover): Haushi kam a jininsu yake. Asalinsu karnukan gona ne a kudancin Jamus, a ƙarshen ƙarni na 19 aka fitar da ƙaramin daga matsakaicin schnauzer ta hanyar haɗa shi da ƙananan karnuka irin su affenpinscher, aikinsa kama ɓera a rumbu da bargar dawaki da kuma sanar da mai gida in baƙo ya doso. Kin ga duk wanda ya taka matakala a wajensa baƙo ne ya doso, aikinsa yake yi. Iri uku ne ma, akwai babban da 'yan sanda ke aiki da shi, da matsakaici, da wannan naki.

'Yar Damagaram (Brussels): Kuma kewa ce Anti. Karen da ya saba yini da tsohuwa a kujera ɗaya yanzu an wayi gari ba ta. Abin da na ga yana aiki: kar ki daka masa tsawa, in kin ɗaga murya shi gani yake kin taya shi. Ki bari ya yi sau biyu uku sai ki kira sunansa a hankali, da ya yi shiru ya kalle ki ki ba shi ɗan karas, a hankali zai gane shirun ne ke kawo samu. Suna da kai sosai, saurin koyo gare su, sai dai taurin kai in sun ga ba ki tsaya a magana ɗaya ba. Ki tambayi tsohuwar kalmomin da take ce masa na zauna da tsaya da zo, ki faɗa da Jamusanci yadda ya saba. Ki bar masa rediyo a kunne a hankali in za ku fita, ki ja labulen tagar da ke kallon titi. Kuma ki gajiyar da shi, fita uku a rana, jimilla kamar awa ɗaya, ki bar shi ya shinshina duk inda yake so kar ki riƙa jansa, shinshinar nan ta fi gudu gajiyar da su. Amma kar ki kwance shi a fili, ya hango kurege ko zomo to ya tafi ko sunansa ba zai ji ba.

Uwar Biyu (Hamburg): Allah ya saka ƙanwata. Wani abu kuma, gemun nan duk ya yi ja ya cukurkuɗe, in ya sha ruwa sai ya bi gida yana ɗiga, kuma ya fara wari. In sa almakashi in datse?

'Yar Damagaram (Brussels): A'a kar ki datse, tsohuwa ta dawo ta ga ba gemu sai ta yi kuka, kuma almakashi kusa da baki haɗari ne in ya zabura. Duk bayan cin abinci ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki goge gemun ki tsane shi da tawul, danshin ne ke kawo warin da jan. Sai mataji na ƙarfe, ki riƙe gashin daga tushe da yatsu biyu don kar ya ji zafi, ki fara tajewa daga baki-baki kina hawa sama. In kin tarar da ƙulli ki warware da yatsa tukuna. Inda ya fi cukurkuɗewa gemu ne da ƙafafu da hammata da bayan kunne, in kin bar shi mako biyu sai ya dunƙule har fata ta yi ciwo a ƙarƙashi ba ki gani ba. Daɗinsu ba sa zubar da gashi a kujera kamar sauran karnuka, amma ladan hakan shi ne gashin ba ya daina tsiro, dole a kai shi aski duk bayan mako shida zuwa takwas. Masu kai su gasa da hannu suke tsige tsohon gashin don ya zauna da kaushinsa, na gida kuwa kilifa ake sa musu. Na tabbata tsohuwar na da mai askin da ta saba, ki duba jikin firij ko kalanda za ki ga lamba.

Ɗan Abuja: Ku yi haƙuri in shigo, ni na daɗe ina son irin karen nan saboda gadi, gidana ba shi da fili sosai. Dakta zai iya zafinmu kuwa?

Likitan Dabbobi (Zariya): Zai iya in za ka iya da shi. Amma ka san gadin nasa na baki ne, zai tashe ka, ba zai kama ɓarawo ba. Yana buƙatar inuwa da iska da ruwa kullum, fita da sassafe ko bayan magariba, ka ɗora bayan hannunka a kwalta in ba ka iya jurewa to shi ma tafinsa ba zai iya ba. Kar a aske shi ƙwal har fata don wai zafi, rana za ta ƙona shi. Babbar matsalarmu a nan kaska ce, tana ɓuya a gemu da kunne da tsakanin yatsu tana sa musu ciwon da ke shanye jini, maganin kaska ba a fashinsa. Kwikwiyo kuma sai an yi masa jerin alluran rigakafin cututtukan karnuka irin su parvo da distemper tun yana mako shida zuwa takwas, ta haukan kare a wata uku, sannan a riƙa maimaitawa. Kafin ka biya kuɗi ka ce a nuna maka uwar da katin allura. Kuma ka tambayi kanka wa zai taje shi, wa zai aske shi, don shekara 12 zuwa 15 suke yi a duniya. Yawancin masu dogon gashi da ake kawo mana mai gida ya saya da ɗoki ne sannan ya bar wa mai gadi, sai an ga ƙudaje na bin kunnen a tuna da shi.

Ɗan Abuja: Na ga a hoto wasu kunnensu a tsaye ba wutsiya, wasu kunne a kwance.

Bakatsine (Hannover): Yankewa ake yi. A Jamus an hana yanke kunne tun 1987, wutsiya tun 1998, shi ya sa na nan za ka gan su da kunne a naɗe da wutsiyarsu. A wasu ƙasashe kamar Amurka har yanzu ana yi.

Malamin Islamiyya: Yanke wa dabba gaɓa don ado kawai ba shi da kyau ko a wajenmu. Kuma ɗan uwa na Abuja in don gadi ne ka yi masa ɗaki mai kyau a tsakar gida.

Uwar Biyu (Hamburg): Dakta dan Allah kana kusa? Yau da safe ya yi amai sau biyu ya ƙi abinci, sai ya kwantar da ƙirji a ƙasa ya ɗaga baya sama ya tsaya a haka, na taɓa cikin ya yi ƙara. Jiya mun yi baƙi an soya nama, ban sani ba ko wani yaro ya kai masa. In ba shi paracetamol?

Likitan Dabbobi (Zariya): Kar ki ba shi, maganin ciwon jiki na mutane ko paracetamol ko ibuprofen na iya lalata masa hanta da ƙoda. Wannan tsayuwar da kika kwatanta alamar ciwon ciki ce mai tsanani, da amai da ƙin abinci kuma ita ce surar abin da na faɗa miki. Yanzun nan ki ɗauke shi zuwa likitansa, in a rufe yake ki nemi asibitin dabbobi na gaggawa, kar ki jira yamma. Ki gaya musu jinsinsa da maganar naman, ki tafi da littafin allurarsa.

Kawu (Birmingham): Allah ya sawwaƙe. Ɗan Zongo kai ne a garin da mota.

Ɗan Zongo: Na taso Kawu. Yaya ki naɗe shi a bargo ki sauko ƙasa.

Uwar Biyu (Hamburg): Alhamdulillah 'yan uwa mun dawo da shi. Abin da Dakta ya faɗa ne, amma sun ce an kawo shi da wuri. Sun sa masa ruwa da allurar amai da ta ciwo, ya kwana can, sun ɗebi jini sun ce maiƙon ya hau sosai. Yanzu an ɗora shi a kan abinci na musamman marar kitse, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana. Ɗan baƙuwarmu ne ya ba shi fatar kaza da kitse don tausayi, yaro ne bai sani ba. Na kira tsohuwar na gaya mata komai ban ɓoye ba, ta yi kuka ta ce an taɓa yi masa haka shekarun baya. Na rubuta takarda da Hausa da Jamusanci na manna a ƙofar cewa kar a ba shi komai. Ɗan Zongo Allah ya biya ka, ka bar aikinka ka yini da mu.

Ɗan Zongo: Ba komai Yaya. Da na ga yadda yake rawar jiki a bargon nan tausayinsa ya kama ni wlh.

Likitan Dabbobi (Zariya): Madalla. Wanda ya taɓa yi yana iya sakewa, don haka abincin nan marar kitse mai yiwuwa shi ke nan har ƙarshen rayuwarsa, likitansa zai faɗa. Ki sa ido a kan abu biyu kuma. In kin ga yana shan ruwa fiye da ƙima yana yawan fitsari yana ramewa to a gwada suga, don kumburin nan in ya yawaita yana taɓa inda ake yin insulin, ciwon suga kuma kan jawo musu yanar ido da sauri. Na biyu fitsari, jinsin nan na yawan yin tsakuwa a mafitsara, in yana ɗaga ƙafa yana yunƙuri ɗigo kawai ke fita ko kin ga jini to a kai shi, in kuwa ba ya fita sam wannan na gaggawa ne musamman ga namiji. Ƙananan ƙuraje baƙaƙe a gadon baya kuma in kin ji su a hannu kar ki tsorata kar ki matse, sun saba yi, sabulun wanka na musamman ake ba su.

Uwar Biyu (Hamburg): Na rubuta duka. An ce gobe za a yi ƙanƙara, a fita da shi ko a bari?

'Yar Damagaram (Brussels): Ki fita da shi amma gajere tunda bai gama warwarewa ba, in tsohuwar na da 'yar rigarsa ki sa masa. Ƙanƙara na dunƙulewa a gashin ƙafafu da gemu, kar ki fizge, ki tsoma ƙafar a ruwan ɗumi ta narke. Ki wanke tafin sosai saboda gishirin da ake watsawa a hanya, yana tsattsaga musu fata kuma in ya lasa zai iya tayar masa da aman, sannan ki tsane tsakanin yatsun da tawul kafin ya hau shimfiɗa.